Muhawara: An sayar da NIN ɗinmu naira 100, yanzu me ya rage mu yi?

Auwal Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mai da ita hirar siyasa. A watan Maris na 2024 'yan jaridar FIJ, wata kafar labarai mai binciken ƙwaƙwaf, sun bankaɗo shafin XpressVerify, inda da naira 200 za ka ciro bayanan NIN na mutum. A watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito da na AnyVerify, shi naira 100 ma yake karɓa, har suka ce sun sayi silif ɗin ministan sadarwa Bosun Tijani don a gaskata su. An rufe shafukan, mun ji. To abin da aka riga aka kwasa fa? In lambata tana hannun wani yanzu haka, ana canza ta? In ba a canzawa, me mutum zai yi?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Na minista naira 100. Ashe ni nawa sai dai a bayar gyara.

Injiniya Bashir:
Malam Auwal, ba a canzawa. Lambobi 11 na NIN da 11 na BVN naka ne har ƙarshen rayuwa. Ana gyara suna, ana gyara ranar haihuwa ko lambar waya, amma ita lambar tana nan. Don haka shawarata ta farko, ka ɗauka kawai ta fita. Ko ba ta fita ta waɗancan shafukan ba, sau nawa ka ba da hotonta a makaranta, a wajen rajistar layi, a wajen neman aiki?

Abin da ya kamata a gane shi ne, lambar ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusunka. Kamar lambar gida ce da aka rubuta a jikin bango, kowa ya wuce zai karanta. Makullin shi ne layin wayarka, don can banki ke tura lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya, kuma da shi ake tura kuɗi ta USSD, wato danna lambobi masu * da # a waya. Duk wanda ya sayi bayananka, abin da yake nema na gaba shi ne layin, ko ya sa ka karanto masa abin da ya shigo cikin layin da bakinka.

Alhaji Garba:
Injiniya, kana magana kamar abin ba komai ba. A Disambar 2020 aka ce duk wanda bai haɗa NIN da layi ba za a rufe masa. Ana tsakiyar korona muka yi ta bin layi a rana, da tsofaffi da masu goyo. Mun ba da yatsu goma, mun ba da fuska, mun ba da adireshin gida. Yau a ce mu ne kuma za mu yi gadi? Wanda aka ba amana shi ya kamata ya amsa tambaya.

Injiniya Bashir:
Ranka ya daɗe, ban ce ba komai ba ne. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a kutsa rumbunta ba, kuma mai yiwuwa ne a yi ɓarnar ba tare da kutse ba: akwai kamfanonin da aka ba lasisin tantance mutane, in ƙofar ɗaya daga cikinsu ta zama a buɗe, wani zai zauna a bakinta yana sayarwa. Shi ya sa bayan rahoton Maris aka taƙaita musu shiga. Amma ga wanda aka sayar da hotonsa da adireshinsa, ta taga aka shiga ko ta ƙofa duk ɗaya ne. Ina tare da kai a nan. Sai dai kafin hukuma ta amsa tambayar, wani yana iya kwashe maka asusu yau da daddare.

Alhaji Garba:
To Allah ya isa.

Maman Ilham:
Alhaji, a yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Rabin abin mu muke miƙawa da hannunmu. A unguwarmu wasu samari sun zo da fom wai na tallafi, suka zauna a zauren wani gida, mata suka yi ta kai silif ɗin NIN da BVN, ana ɗaukarsu hoto da waya, a ce juya kai hagu, juya dama, ƙifta ido. Aka ba kowa ɗan abin cefane. Har yau babu tallafi. Na yi magana aka ce baƙin ciki nake yi.

Injiniya Bashir:
Wannan juya kai da ƙifta idon, Maman Ilham, shi ne daidai abin da manhajojin banki na waya ke nema kafin su buɗe asusu. Wato a gabansu aka buɗe asusu da sunansu, a wayar wani. EFCC ta yi bayanin wannan sana'ar a Yulin 2025. Ta ce matasa kusan 12,000 ne ke yawo a faɗin ƙasa suna ba mutane naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi NIN da BVN da hoto, su kuma su sayar a wajen naira 5,000. Irin waɗannan asusun ake zuba kuɗin damfara a ciki kafin a wuce da shi gaba.

Maman Ilham:
Innalillahi. To in an zo kamu wa za a kama?

Barista Nura:
Wanda sunansa ke kan asusun shi za a fara nema, Hajiya. Mai bincike ba ya ganin yaron da ya riƙe wayar, BVN yake gani. Kuma idan kotu ta ba da umarnin a daskarar da asusu, sau da yawa har sauran asusun da ke kan wannan BVN ɗin abin ke shafa. Mace tana sayar da ƙosanta, ta je cire kuɗin wake a ce asusunta a rufe yake. Za ta iya wanke kanta daga baya, amma kafin nan ta sha zirga-zirga. Kuma wadda ta karɓi kuɗi ta bayar da bayananta, bayaninta ya fi wuya a kan wadda aka sace wa.

Sani Kafe:
Na san yanzu za a zo kanmu masu kafe, gara in riga ku.

Maman Ilham:
Ai kuwa dama kai nake jira, Malam Sani. Na je wani kafe buga takarda, ina tsaye ina kallon allon kwamfuta, ga silif ɗin mutane nan birjik, da hotunansu da ranar haihuwa. Yaron shagon ya fita sayen fetur ɗin janareta ya bar ni ni kaɗai da ita.

Sani Kafe:
Ban musa ba, ana yi. Amma ku ma ku yi mana adalci. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN. Lokacin rajista yaro zai turo silif ta WhatsApp, uba ya turo nasa, a cike fom a tafi. Bayan wata uku shi yaron zai dawo ya ce Yaya Sani silif ɗina ya ɓata, ciro min. In na ce na goge, ya ce ba ni da kirki, ya koma shagon gaba. Mu da muke ajiyewa don taimako muke yi.

Injiniya Bashir:
Taimako ne har ranar da za a sace kwamfutar, ko ka kai ta gyara, ko yaron shagonka ya gane abin da ke cikinta kuɗi ne. Ka tura wa mai shi kayansa ta wayarsa a gabansa, ka goge, ka share kwandon sharar kwamfutar ma. In ya dawo ka ce ya duba wayarsa.

Sani Kafe:
Wanda wayarsa rakani-kashi ce fa?

Injiniya Bashir:
Ka buga masa biyu ya biya na biyu. Ka ma samu ciniki.

Barista Nura:
Malam Sani, ba tsoratarwa ba, amma dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba bankuna kaɗai ta shafa ba. Duk mai tattara bayanan mutane don sana'a yana ciki, kuma ta hana riƙe su fiye da buƙatar da aka karɓe su dominta.

Anti Rabi:
Na jima ina karantawa. Ni a teburin sauraron koke na banki na yi shekaruna kafin in yi ritaya, bari in faɗi abin da na fi gani, don ba irin kutsen da ake nunawa a talabijin ba ne.

Na farko kira. Mutum zai kira ka, ya ambaci cikakken sunanka, ranar haihuwarka, har BVN ɗinka ya karanto maka daidai, ya ce daga hedikwata ne, za a rufe asusunka in ba a sabunta ba. Da can mutum yana iya cewa ai wanda ya san wannan duka lallai ma'aikaci ne. To yanzu da aka sayar da bayanan naira 100, sanin su ba shaidar komai ba ce. Wannan ita ce babbar illar fitar bayanan a wurina, ta ba maƙaryaci abin da zai sa a yarda da shi. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ba ya tambayar lambobin da ke jikin katin, ba ya tambayar OTP. Ka kashe wayar kawai. Ba rashin ladabi ba ne.

Na biyu satar waya. Ɓarawon waya a kasuwa ko a cikin adaidaita sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Zai zare layin ya sa a wata, ya danna *565*0# BVN ta fito, saƙonnin alat su nuna masa bankinka, daga nan ya fara gwada sa'arsa. Mai wayar kuma yana can yana jimamin hotunan biki, sai gobe zai je banki. Kafin goben an gama.

Maganin wannan guda biyu ne kuma duk kyauta. Ka sa wa layin kansa lambar sirri, ba ta allon waya ba, ta sim ɗin, yadda in an sa shi a wata waya ba zai tashi ba. Sannan ka haddace lambar rufe asusu ta bankinka, wadda za ka iya dannawa a wayar kowa. Ta Access *901*911#, ta Zenith *966*911#, sauran ma kowa da tasa, ka tambaya ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. A fara rufe asusu, sannan a kira kamfanin layi a rufe layin, sannan a je a yi walkam bak. Kuka daga baya.

Auwal Fagge:
Anti, Allah ya saka da alheri. Lambar sim ɗin a ina ake sa ta?

Injiniya Bashir:
Cikin saitin waya, wajen tsaro, za ka ga kulle sim. Zai nemi lambar da layin ya zo da ita, ka tambayi kamfaninka kafin ka fara. Kada ka yi ta cinke, in ka kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki.

Ɗan Tasha:
Wa ke da wannan katin yanzu fisabilillahi? Nawa tun zamanin Obasanjo.

Injiniya Bashir:
Ofishinsu za su ba ka in ka je da shaidarka. Kuma tunda ana maganar, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lambobi 6 ne. Sace WhatsApp ɗin mutum a bi 'yan uwansa ana roƙon kuɗin asibiti da sunansa, shi ma ai satar suna ce.

Zainab daga Amurka:
Sannunku da gida. Mu ma nan an sha wannan. A 2017 aka kutsa kamfanin Equifax, mai ajiye tarihin bashin mutane, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147, har da lambar da ke matsayin NIN a nan. Abin da ya biyo baya da ya yi amfani shi ne, tun 2018 doka ta sa kowa yana iya kulle tarihin bashinsa kyauta a kamfanoni ukun, Equifax da Experian da TransUnion. In ka kulle, ko wani ya je da lambarka neman bashi, mai ba da bashin ba zai iya dubawa ba, sai ya ƙi. Ranar da kai kake buƙata ka buɗe. Nawa a kulle yake, na mijina ma.

Anti Rabi:
Zainabu 'yata, ya aiki? Mu ma muna da kamfanoni uku masu lasisin CBN: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Mutanenmu ba sa nema, don ana ganin wanda bai taɓa cin bashin banki ba me zai duba. Alhali shi ya fi kamata ya duba, don shi ne ba zai taɓa zargin komai ba sai ranar da ya je neman lamunin noma ko na albashi a ce ana bin sa.

Malama Hadiza:
Ni abin ya riga ya same mu. Ƙanena ne, wata manhajar bashi ta waya ke ta turo masa saƙo wai ya ci naira dubu talatin, da kuɗin ruwa ya kusa ninkawa. Wallahi bai taɓa sauke manhajar ba. Yanzu sun ce za su tura wa mutane hotonsa a matsayin ɓarawo. Mahaifiyarmu ta ce a haɗa a biya a huta.

Alhaji Garba:
Gaskiyar Hajiya ce. Mutunci ya fi dubu talatin. Yaro yana neman aure a yi ta yawo da hotonsa?

Barista Nura:
Alhaji, da girmamawa, ban goyi baya ba. Biya kamar amsa laifi ne. In ya biya wannan, wanda ya ci bashin da sunansa yana nan da bayanan, gobe zai ci a wata manhajar, kuma ga tarihi ya nuna ya taɓa biya.

Malama Hadiza, ga abin da zai yi. Kada ya goge saƙo ko ɗaya, ya ɗauki hotonsu duka da lambobin da ke kira. Ya rubuta musu, a rubuce ba a waya ba, cewa bai ci bashin ba, su nuna asusun da aka tura kuɗin da lambar wayar da aka yi rajista da ita. Yawanci a nan ake ganin asusun ba nasa ba ne, ko an buɗe shi da sunansa a inda bai sani ba. Ya kai rahoto wajen 'yan sanda ya karɓi takarda, ya yi takardar rantsuwa a kotu. Da waɗannan zai kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ke rajistar masu ba da bashi ta waya tun 2022, ya kuma kai NDPC, hukumar kare bayanan jama'a, saboda amfani da bayanansa ba izini. Sai ya ciro rahotonsa a kamfanonin da Anti Rabi ta ambata, in bashin ya hau, ya ƙalubalance shi a can ma.

Barazanar tura hoto kuwa ita kanta laifi ce. Tun 2021 NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ta ci kamfanin bashi ta waya na Soko Loan tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan tona asirin.

Alhaji Garba:
Barista, duk wannan yawon kuɗin motarsa bai kai dubu talatin ba? Ku lauyoyi komai takarda.

Barista Nura:
Zai iya kaiwa, ban ɓoye ba. Amma takardar 'yan sanda da ta kotu ba don wannan bashin kaɗai ba ne. Duk abin da ya sake ɓullowa da sunansa, yana da shaida mai kwanan wata cewa ya riga ya kai kuka. Ƙorafin FCCPC da NDPC kuma ta intanet ake turawa. Kuma kada a ce ba a kulawa: tarar naira miliyan 555.8 da NDPC ta sanar a kan Fidelity Bank a Agustan 2024, daga ƙorafin mutum ɗaya ta faro, wanda ya ce an buɗe asusu da bayanansa ba da yardarsa ba. Bankin ya musanta laifin, amma dai ka ga inda ƙorafi ɗaya ya kai.

Alhaji Garba:
Shi mai ƙorafin nawa aka ba shi a ciki?

Barista Nura:
Tara aljihun gwamnati take shiga. Diyya sai ka nema daban, dokar ta ba ka damar zuwa kotu.

Alhaji Garba:
Ka ji ba.

Malama Hadiza:
Na gode Barista. Zan tura masa yanzu. Shawo kan Hajiya ne aikin.

Injiniya Bashir:
Malama, ki tambaye shi ko yana da tsohon layin da ya yar. Wannan ƙofa ce da ba a cika lura da ita ba. Layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. In wannan layin ne ke kan BVN ɗinsa, sabon mai layin shi ke karɓar OTP ɗinsa. Duk wanda ya canza lamba ya je banki ya canza ta a kan asusu da kan BVN, ya canza a NIMC. A kuma duba ta ɗaya gefen: a danna *996# ko a je ofishin kamfanin layi a ga layukan da ke kan NIN ɗinka. In ka ga wanda ba ka sani ba, ka sa a cire shi a rubuce. Layin da aka kira iyalan wanda aka sace da shi ana neman kuɗin fansa, ba ka so a ce sunanka ne a kai.

Malama Hadiza:
Yana da wani da ya bari tun yana hidimar ƙasa. Bari in kira shi.

Maman Ilham:
Wannan ta tuna min. Layin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin durowa tun rasuwarsa, kuma da shi yake karɓar alat ɗin fansho. Ba a gama rabon gado ba.

Anti Rabi:
Allah ya gafarta masa. Ku ciro shi yau, ku sa masa kati, ku yi kira da shi, kada ya mutu a ba wani. Sannan babban ɗa ko wanda kuka wakilta ya kai wa bankin takardar shaidar rasuwa da wasiƙa, su dakatar da fitar kuɗi daga asusun har a kawo takardar kotu. Na ga gidan da suka zo da takardun gado cikakku bayan shekara biyu, aka buɗe asusu babu komai, an yi ta zara kaɗan-kaɗan ta USSD. Kuma duk wasiƙar da kuka kai banki, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe. In mako biyu ya wuce ba su warware koke ba, da wannan kwafin za ku kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Maman Ilham:
Amin, na gode Anti. Barista, takardar kotun, ta kotun shari'a da za ta raba gadon ta isa, ko sai mun je babbar kotu?

Barista Nura:
Ya danganta da bankin da kuma yawan kuɗin. Ku fara tambayar sashen shari'arsu su rubuto muku abin da suke buƙata kafin ku kashe ko sisi. In sun ba ku, turo min ta akwati in duba.